Bindigar da Ta Lanƙwasa a Hannun Tabawa

Wata rana sayen bandar kifi ya kai ni wani ƙauyen masunta a bakin kogi.

Matar da na tsaya wajenta sunanta Tabawa. Tana juya kifi a kan waya, hayaƙi na dukan fuskarta, ko a jikinta. A bayanta, jikin bangon zaure, na hango ƙashin kan kada an rataye. Tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsuna.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta dube ni, ta dubi bangon, ta turo mini kujera da ƙafa.

Ta ce, "Zauna. Kifin naka ma bai gama shan wuta ba."

Labarin da ta ba ni, shi zan ba ku. Ku karanta a hankali.

Mijinta, Malam Arzika, tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ya yi shekarunsa yana gadin namun dawa, ya yi ritaya, ya dawo gida da bindigar farauta guda ɗaya mai lasisi. Idan dorina ta addabi masu shinkafa, ko kura ta saba da garken wani, hukuma shi take ba izini ya je ya raba su.

Ba mutum ne mai cika baki ba. Amma duk yankin an san abu ɗaya.

Arzika ba ya harbi biyu.

Wata damina ɗakinsa ya yi yoyo. Ƙotar bindigar, wato katakon da ƙarfen yake kwance a kai, wanda ake tokarewa a kafaɗa, ta sha ruwa ta kumbura, da ta bushe kuma ta tsage.

Ɗansa Haladu, wanda ke aiki a birni, ya ji labari. Sai kawai ga saƙo a motar kasuwa. Sabuwar ƙota. Ta roba ce, baƙa wuluk, ba nauyi. Ruwa ba ya cinta, gara ba ta cinta.

Tabawa ta ce ba ta taɓa ganin mijinta ya yi murna da kyauta haka ba. Ya ɗaura ta da hannunsa. Duk wanda ya shigo zaure sai ya ɗauko ya nuna masa.

"Ɗaga ka ji. Haladu ne ya aiko."

Bayan ruwa ya janye a shekarar, sai kada ya bayyana a mashaya.

Mashayar nan ita ce rayuwar ƙauyen. A nan ake ɗiban ruwan sha, a nan ake wanki, a nan jirage ke tsayawa. Rijiyar da suke da ita ruwanta gishiri ne, ko jaki ba ya sha.

Ya fara da awaki.

Ya koma maruƙa.

Sannan wata safiya ya kawo wa wata mata cafka tana ɗauraye tukunya. Allah ya sa zanenta ya kama, ta bar masa zanen ta tsira.

Sarkin Ruwa, shugaban masuntan, ya kai kuka wajen hukuma. Izini ya fito. Aka zo aka sallama wa Malam Arzika.

Shi kada ba kamar sauran namun daji ba ne. Bayansa kamar sulke yake. Wurin da za ka same shi ya mutu nan take ɗan ƙarami ne a bayan ido, bai fi ƙwan kaza ba. In ka kuskure, ya faɗa ruwa, kuma ka ƙara masa wayo.

Arzika ya san haka. Saboda haka sai da ya gwada bindigarsa tukuna. Da sanyin safiya, a inuwar tsamiya, ya ɗora ta a kan buhun dusa ya harbi sakaina. Ya same ta a tsakiya.

Da rana ta take, kada ya fito shan rana a kan yashi.

Arzika ya kwanta a bayan ciyawa. Ya kafa gwafarsa, ya ɗora gaban bindigar a kai, ya naɗe igiyar rataya a damtsensa ya ja ta tamau, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Mutanen gari suna can nesa a kan tudu.

Ya ja kunama.

Yashi ya tashi a saman kan kadan.

Kada ya sulale cikin ruwa.

 Wani dattijo ya ce, "Iska ce ta kaɗa." Alhali ko ganye ba ya motsi.

Bayan 'yan kwanaki ya sake samunsa. Wannan karon ya fi kusa.

Harsashi ya bugi ruwa, can gefen hagu.

Daga nan magana ta fara yawo. Wasu suka ce kadan ba kada ba ne, aljani ne. Wasu suka ce an ɗaure hannun Arzika. Matasa kuwa ba su wahalar da kansu ba, suka ce tsufa ne kawai.

Shi ma tsufan ya zarga.

Ya hau mota ya je asibitin ido. Likita ya duba ya ce idonsa ya fi na wasu samari. Ya dawo bai yarda ba. Ya daina cin goro, wai ko shi ke sa hannunsa rawa. Ya daina shan shayi. Tabawa ta ce takan leƙo ta gan shi zaune ya miƙa hannu a gabansa, yana kallon yatsunsa, yana jiran ya ga sun motsa.

Ya sha rubutu. Ya yi sadaka. Ya sake gwada bindigar da safe a kan buhun dusa, ta sake samun sakaina a tsakiya.

Wannan ne ya ƙarasa karya shi.

Ya ce mata, "Kin gani? Bindiga lafiyarta ƙalau. Ni ne. In na ga kadan nan zuciyata ce ke gudu."

Arzika yana da amini, Cindo, masunci. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi makarantar allo. Cindo ne kaɗai bai daina zuwa zaurensa ba. Yakan zauna ya yi ta zolayarsa har sai ya ga haƙoransa.

Ranar wata Talata, Cindo ya shiga ruwa iya gwiwa zai kwance tarunsa da ya sarƙe.

Mutane suna kallo.

Ihu ɗaya ya yi.

Sai washegari aka samu abin da za a binne.

A wajen zaman makoki, Arzika ya durƙusa a ƙofar ɗakin Gaje, matar Cindo, zai yi mata gaisuwa.  Ita ce ta riga shi magana daga bayan labule.

"Malam Arzika, ya ce mini tun da kana garin nan ba ya tsoro."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Tabawa ta ce da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Daga ranar gari ya birkice. Mata suka koma tafiya mai nisa neman ruwa a wani tafki, mai ciki da mai goyo. Masunta suka daina fita. Kifi ya ƙare a kasuwa, tuwo ya fara ƙarewa a gidaje.

Sai matasa suka kawo shawararsu.

Suka haɗa jarkokin maganin ƙwari na gona, suka jera a ƙofar Sarkin Ruwa. Suka ce za a tuttule su a mashaya, kada ya sha ya mutu.

Sarkin Ruwa ya ce, "Kifin fa? Ƙauyukan da ke ƙasa da mu fa, da suke shan ruwan nan? 'Ya'yansu fa?"

Suka ce, "Namu 'ya'yan fa?"

 Ya roƙe su su bari sai bayan sallar Juma'a. Suka yarda da ƙyar.

Arzika ya ji. Yana da 'ya mai aure a ɗaya daga ƙauyukan nan na ƙasa. Amma ko ba ita, ya yi shekaru yana gadin daji, ya san abin da guba ke yi wa ruwa. Ya taɓa ganin tafki ya yi fari fat da cikin kifi, tsuntsaye na faɗowa daga bishiya.

Ran Laraba da hantsi, Tabawa tana shara, ya kira ta zaure.

Ya sa tsofaffin kayan aikinsa. Ya ɗaure ɗan akuya a bakin ƙofa. Ya fara gaya mata gonar da za a bar wa wane, da wadda za a sayar, da inda yake so a kai Alƙur'aninsa.

Ta ce, "Malam, me kake faɗa haka?"

Ya ce zai ɗauki ƙaramin kwale-kwale, ya ɗaure ɗan akuyar a gefe, ya shiga tsakiyar ruwa. Idan kada ya taso, zai ɗora masa bakin bindiga a ka.

"Tun da daga nesa na kasa, a kusa ba zan kuskure ba."

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san kada mai wannan girma da jela ɗaya yake kifar da ƙaramin kwale-kwale. Shi ma ya sani.

Ya ɗauki bindigar, harsashi na aljihunsa, ya nufi ƙofa.

Tabawa ta yar da tsintsiya ta cafke gaban bindigar da hannu biyu.

"Saki, Tabawa."

"Wallahi ba zan saki ba."

"Na ce ki saki!"

Ya ja. Ta ja. Shekara da shekaru suna tare bai taɓa ɗaga mata murya ba, ran nan har maƙwabta sun ji. Ta murɗa iya ƙarfinta don ta ƙwace.

Sai ta ji abin ya bi hannunta.

Robar ta lanƙwasa, ta bugi ƙarfen bututun. Ƙas.

Ta tsaya. Ta sake matsawa. Ƙas.

Ta ɗago tana haki, hawaye na zuba, ta ce:

"Malam, abin da ni tsohuwa nake lanƙwasawa da hannuna, shi za ka jingina ranka a kai?"

Ya dubi bindigar.

Ya dubi hannunta.

"Sake matsawa," in ji shi.

Ta matsa.

Ya zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa.

Abin da ya sani tun yana aiki, wanda tashin hankali ya rufe masa, ya dawo masa gaba ɗaya. Bututun bindiga irin wannan ba ya son komai ya taɓa shi lokacin harbi. Taɓawa kaɗan a nan, kuskure ne babba a can.

Ya yago ganyen kaba daga tabarma, ya zura tsakanin bututun da ƙotar. Ya wuce sumul. Ya ce ta miƙo gwafa. Ya ɗora gaban bindigar a kai, ya naɗe igiya a damtse ya ja yadda yake ja a bakin ruwa. Ya ce ta zura ganyen.

Ya maƙale.

Ya fitar da bindigar tsakar gida ya bar ta a rana. Da ya dawo ya taɓa, robar ta ƙara laushi, kamar bokitin da aka manta a waje.

Da safe, a inuwa, a kan buhu mai laushi, lafiya lau take.

Da rana, a kan gwafa, da igiya a ɗaure, sai ta karkace ta ture bututun.

Ya kwance notinan ya raba ƙarfen da ƙotar. Cikinta fayau, rami ne da 'yan siraran bango. Inda ƙarfen ke zama kuwa ya yi masa yawa, yana kai da komo a ciki kamar ƙafa a takalmin aro.

Tabawa ta ɗauka zai yi murna.

Kuka ya yi. Irin kukan da bai yi ba ranar da aka binne Cindo.

"Na je asibiti, na je wajen malamai, na zargi idona, na zargi zuciyata. Ban taɓa matsa ta da hannu ba, Tabawa. Ko sau ɗaya."

Ta ce, "To yanzu ka matsa. Sai me?"

Sassaƙa sabuwar ƙota ta katako ba aikin kwana biyu ba ne, sai an samu busasshen itace mai kyau, sai an yi makonni. Aikawa birni ma haka. Abin da ke hannu, shi za a gyara.

Ya wanke fuska ya tafi ƙofar Sarkin Ruwa. Matasa na zaune kusa da jarkokinsu. Dattijo mai furfura, ya durƙusa a gabansu ya yi bayani. Ya ce a ƙara masa zuwa Lahadi.

Wani ya yi dariya. "Da ido ne, yanzu kuma roba ce. Gobe me za a ce?"

Wani ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Ka ci mana mutum ɗaya, ya isa."

Arzika bai ɗago ba.

Gaje tana cikin gidan, ta zo karɓar hatsin da aka tara mata. Ta ji komai. Ta yi musu magana daga soro, muryarta na fitowa sarai:

"A ba shi zuwa Lahadi. In ya kuskure, ni zan fara zuba jarka ta farko."

Ba wanda ya iya musa wa mai takaba.

Daga nan ya wuce wajen masu gyaran jirgi ya samo gam ɗin da suke liƙe kwale-kwale da shi, mai gwangwani biyu, wanda in an haɗa ya daskare kamar dutse. Ya biya wajen maƙeri aka yanko masa siraran rodi guda biyu.

A tsakar gida suka yi aikin, shi da Tabawa.

Ya kankare cikin ƙotar da magagari har ta yi kaushi, ya huda ƙananan ramuka, don roba santsi gare ta, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Ya kwantar da rodin nan biyu a tsawon gaban. Ya dama gam ya cika ramin.

Sannan ya zo wurin da ƙarfen ke zama. Ya shafe ƙarfen da man takalmi, lungu da saƙo, don kar ya manne har abada. Ya naɗa wa bututun ƙyalle don ya bar rata. Ya shimfiɗa gam, ya kwantar da ƙarfen a kai a hankali, gam ya fito ta gefe. Tabawa na riƙe, yana sharewa.

Hannunsa ko ɗar bai yi ba. Ita ce ta lura.

Suka ajiye ta a ɗaki a kan tabarma. Masu jirgi sun ce kar a taɓa sai ta kwana ta wuni.

Yanzu sai jira.

Washegari da la'asar, ihu ya tashi daga bakin kogi.

Arzika ya zabura ya faɗa ɗaki. Hannunsa ya kai kan bindigar. Tabawa ta riga shi, ta danna farce a gam ɗin da ya fito ta gefe. Farcen ya shiga.

"Bai kama ba, Malam."

"Ba ki ji ihu ba?"

"Na ji. In ka ɗaga ta yanzu, ka ɓata, kuma babu wani gam ɗin a garin nan."

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ihu na ƙaruwa, yana jin gudun mutane a bayan katanga. Ya dafe kai da hannu biyu. Bai san ko ɗan wa ba ne. Bai san ko matar wa ba ce. Ga bindiga a gabansa, ba shi da ikon taɓawa.

Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin mutum yana tsufa a gaban idonta ba sai ran nan.

Can aka zo da labari. Saniyar wani Bafulatani ce, ƙishirwa ta sa ta ƙwace ta gangara.

Matasa suka biyo ta ƙofar gidan. Ba su shigo ba. Wani ya ɗaga murya don a ji: "Ana can ana liƙe roba!"

Da yamma Haladu ya kira. Labari ya kai masa birni. 

"Baba, gaskiya ne? Abin da na aiko ne ya jawo? Ni na kashe Baba Cindo?"

Arzika ya dubi bindigar a kan tabarma.

Sannan ya ce, "Kada ne ya kashe Cindo, da kwanansa da ya ƙare. Kai alheri ka yi. Ni ne mai bindiga, ni ya kamata in duba."

"Ka jefar da ita, Baba. Zan nemo wata."

"Ba zan jefar ba. Rauni gare ta, na sa mata ƙashi."

Ran Juma'a da safe gam ya koma dutse. Ya kwance notinan, ya ja ƙarfen. Ya ƙi fitowa.

Tabawa ta matso kusa.

Ya yi bisimilla ya buga da tafin hannu. Ya sake bugawa. Ƙarfen ya fito. A cikin ƙotar ga siffarsa nan ta fito tsaf, kowane lungu, kamar sawun ƙafa a danyen laka. Ya goge, ya mayar, ya ɗaure. Ba motsi.

Ya miƙa mata. "Murɗa."

Ta murɗa har ta ciji leɓe. Ko gezau.

Harsashin da ya rage masa bai cika tafin hannu ba. Duk da haka ya ce ba zai sake yaudarar kansa da inuwa ba. Bayan an sauko daga masallaci, rana na tsakiyar ka, ya fita bayan gari. Ya bar bindigar ta sha zafi. Ya kafa gwafa, ya ɗaure igiya tamau, ya harbi sakaina.

Ya ɗan gyara saiti. Ya sake harbi. Ya kuma.

Na biyu da na uku, ramukansu sun haɗe.

Saura kada.

Amma kadan ya yi wayo. Asabar Arzika ya wuni kwance a cikin ciyawa, ƙudaje na cinsa, rana na gasa bayansa. Ko hancinsa bai gani ba.

Lahadi ta zo.

Tun hantsi matasa suka sauko da jarkoki bakin tudu. Sarkin Ruwa ya ce a jira la'asar. Gaje ma ta fito, lulluɓe da mayafi, ta zauna a gefe ita kaɗai.

Azahar ta wuce. Inuwa ta fara tsawo.

Tabawa na kan tudu cikin mata. Ta ce ba ta san addu'ar da ba ta karanta ba. Tana ganin wani saurayi ya fara kwance murfin jarka.

Sai ruwa ya motsa a bakin yashi.

Bai fito duka ba. Kai kawai ya ɗora, sauran jikin na cikin ruwa. Kuma ya fi nisa a kan duk inda Arzika ya taɓa harbinsa.

Ta ga mijinta ya kwantar da kunci a kan ƙotar.

Ya daɗe.

Ya daɗe har wata mata ta ce, "Ya tsorata."

Ƙara ɗaya.

Yashi bai tashi ba. Ruwa bai fantsama ba.

Jelar kadan ta ɗaga sama, ta faɗi. Shi ke nan.

Da farko ba wanda ya yarda. Sai da masu jirgi suka matsa, suka zungure shi da gora, suka ɗaga hannu. Sannan tudu ya ɗauki kabbara. Matasan nan da suka yi masa dariya su suka fara rugawa za su ɗaga shi sama.

Ya ce su bar shi. Ya zauna a cikin ciyawar, bindiga a cinya, kansa a ƙasa.

Ana cikin hayaniyar janyo kada, Gaje ta miƙe. Ba ta je kallon gawar ba. Ta karɓi tulu a hannun wata yarinya, ta gangara mashaya, daidai wurin da mijinta ya tsaya. Ta shiga ruwa iya gwiwa.

Kowa ya juyo yana kallonta.

Ta cika tulun, ta fito, ta ajiye shi a gaban Arzika.

Ta ce, "Sha, Malam. Tun safe kake rana."

Nan Tabawa ta tsaya. Ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Ta naɗe mini kifina a takarda.

Darasi:

Wani lokacin ba idonka ba ne, ba hannunka ba ne, ba kuma asiri aka yi maka ba. Abin da ka jingina a kai ne yake lanƙwasawa idan zafi ya yi zafi.

Kafin ka yanke wa kanka hukuncin cewa ka ƙare, ka duba abin da kake dogara da shi. Kuma kar ka gwada shi a inuwa. Gwada shi a irin ranar da za ka buƙace shi.

In ka samu rauni, ba dole sai ka jefar ba. Wani abin ƙarfafawa yake so, da haƙurin jira har ya kama.

Sannan wanda ya riƙe ka a bakin ƙofa ranar da ka yanke ƙauna, ka saurare shi, ko da kana ganin bai san aikinka ba.

Akwai wani a cikin abokanka da yake zaune yanzu yana kallon hannunsa, yana cewa ni ne na lalace. Tura masa wannan. Ka yaɗa, wataƙila ta hannunka zai tsaya ya sake dubawa.